Yadda ɗalibin shari'a zai yi amfani da hutunsa a Damagaram

Ɗaliban Damagaram da ke karatun shari'a a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko a Jami'ar Tawa suna dawowa hutu cikin garin da ke da kotun ɗaukaka ƙara da babbar kotu da gidan kaso, amma yawancin lauyoyin ƙasar suna zaune a Yamai. Saboda haka talakan da aka kama ɗansa sau da yawa ba ya samun wanda zai faɗa masa abin da doka ta tanada, kuma a nan ɗalibi yake da amfani.

Ya fara da zama a kotu, domin zaman shari'ar laifuka a buɗe yake ga jama'a, in ban da na yara da wanda alƙali ya rufe. Ya tafi da littafin rubutu da kundin hukunta laifuka da na tsarin shari'ar laifuka, waɗanda aka kafa tun 1961 aka yi ta yi musu gyara, don haka ya nemi bugu na baya-bayan nan. Ya rubuta laifin da ake tuhuma, da tsawon zaman wanda ake tuhuma a kaso kafin a gurfanar da shi, da ko yana da mai kare shi. Ya kuma kasa kunne ga tafinta, domin da Faransanci ake shari'a, kuma abin da ya kai kunnen mutum da Hausa a kansa zai ba da amsa.

Bayan haka ya shirya bayani gajere don fadodin matasa na Birni da Zango da Kara-Kara, bayan ya gaida mai unguwa ya sanar da shi. Batu ɗaya ya isa a zama ɗaya, kuma a ganina tsarewa a komisariya ko wurin jandarma ya kamata a sa gaba: a laifuka na yau da kullum sa'o'i 48 ne, ba a ƙara su sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati, kuma wanda aka kama yana da 'yancin samun lauya. Ya bayyana cewa sakin talala ba wanke mutum ba ne, domin da yawa sukan ƙi komawa kotu ranar da aka kira su, su jawo wa kansu sabuwar wahala.

Ɗalibi ba lauya ba ne, kada ya karɓi kuɗin kowa, kada ya yi alkawarin fitar da ɗan wani. Duk wanda ya kawo masa kuka ya raka shi ofishin ANAJJ da ke babbar kotu, wato hukumar da aka kafa da dokar 2011 domin taimaka wa marasa ƙarfi a fannin shari'a. Shiga gidan kaso kuwa sai da izinin hukuma.

Idan hutu ya ƙare, ya cire sunayen mutane daga abin da ya rubuta, ya haɗa shi da na abokan karatunsa, su kai wa malaminsu na shari'ar laifuka domin ya duba ko zai zama tushen kundin kammala karatu ko takardar shawara ga Ma'aikatar Shari'a.