Yadda za ka gyara littafinka na binciken harin ƙwayar cuta kafin ka kai maɗaba'a

Da zarar ka gama rubutun farko, ajiye shi kamar sati biyu tukuna, sannan ka je shagon masu fotokwafi a fitar maka da shi a takarda, don wallahi gyara a waya ko laftof ido tsallake kurakurai yake yi. Zan yi misali da wasiƙun da aka aika ɗauke da ƙwayar cutar antiraks (cuta ce mai kisa da ke kama dabbobi da mutane) a Amurka a 2001 tunda shi ne binciken da aka fi sani.

Aikin farko jeranta lokuta. Samu falle ɗaya ka rubuta kwanakin duka a jere: wasiƙun farko hatimin gidan waya na 18 ga Satumba 2001 ke kansu daga Trenton ta New Jersey, na biyu 9 ga Oktoba zuwa ga sanatoci Tom Daschle da Patrick Leahy, mutum 5 suka rasu wasu 17 suka kamu. Sai ka bi babi babi kana duba ko abin da ka faɗa a babi na uku ya yi daidai da na babi na tara, don irin wannan littafi ana ɗaukar wata da watanni ana rubutawa, mutum ya manta abin da ya ce a baya.

Inda aikin yake shi ne maganar zargi, nan za ka zauna sosai da jan biro. Duk inda ka rubuta "ya aikata" ka tambayi kanka, wa ya tabbatar, kotu ce ko ƴan sanda ko ɗan jarida ne kawai ya ji daga wani da bai yarda a faɗi sunansa ba? Ka duba Steven Hatfill, wani masanin kimiyya da aka zarga da aika wasiƙun, a 2002 ministan shari'a John Ashcroft ya ambaci sunansa a bainar jama'a, ƴan jarida suka sa shi gaba, aikinsa ya lalace, ƙarshe a 2008 gwamnati ta yarda ta biya shi diyyar kusan dala miliyan 5.8 kuma aka wanke shi, to da ace ka buga littafinka a 2003 kana kiransa mai laifi ina za ka sa kanka? Shi kuma Bruce Ivins masanin da ke aiki a Fort Detrick, sansanin sojin Amurka mai ɗakin binciken ƙwayoyin cuta, ya kashe kansa a Yulin 2008 kafin a gurfanar da shi, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka wato FBI ta ce shi kaɗai ya yi ta rufe fayil a Fabrairun 2010, amma a 2011 kwamitin cibiyar kimiyya ta ƙasar ya ce hujjar kimiyya ita kaɗai ba ta isa a yanke hukunci kan tushen ƙwayar ba. Dole mai karatu ya ga duka biyun, ko da kai zuciyarka ta riga ta karkata. Ka rubuta "FBI ta ce", kar ka ari bakinsu ka ci musu albasa.

Bayanin kimiyya kuwa rage shi. Mai karatu a Kawo ko Tudun Wada yana so ya gane yadda aka bi sawun ƙwayar har zuwa ɗakin gwaji ne, duk wani bayani na yadda ake haɗa abin goge shi gaba ɗaya, bai ƙara wa labarin komai sai haɗari. Ka tuna masa ma cutar ba baƙuwa ba ce a nan, ta ɓulla a wata gona a Suleja a Yulin 2023.

Daga nan ka ba mutum biyu su karanta, likitan dabbobi ko wani malamin sashen a ABU Zariya ya duba kimiyyar, lauya kuma ya duba duk shafin da sunan mai rai ya fito. Abokinka da zai ce maka "Malam littafi ya yi" bar shi sai ranar ƙaddamarwa.