Yadda ake buga tsohon zanen majami'ar Gotik a jikin kofin kyauta

Kofin shayi mai ɗauke da tsohon zanen babbar majami'ar Turai kyauta ce da za ta burge ɗalibin zanen gine-gine, ko abokin aiki Kirista, ko mai sha'awar tarihi. Bugun kansa ba ya cin lokaci. Inda aikin yake shi ne kare siraran layukan zanen, domin a kan farantin jan ƙarfe ko na ƙarfe aka sassaƙa su ɗaya bayan ɗaya, kuma har inuwar da kake gani layuka ne aka gicciya su. Idan suka caɓe, zanen ya mutu.

Mataki na farko: san abin da kake nema. Salon Gotik ya faro ne a cocin Saint-Denis kusa da birnin Faris, wanda aka keɓe sabon ɓangarensa domin ibada a 1144. Alamominsa ba sa ɓuya: bakan ƙofa da na taga mai tsini a sama, ginshiƙan da ke tokare bango daga waje, da zagayayyar taga mai kama da fure. Rufin ciki kuwa yana kan bakuna masu gicciye juna, kusan irin bakan gizon da magina ke yi a soron sarauta, sai dai na dutse ne. Tokaren nan na waje su suka ɗauke nauyin rufi, shi ya sa bango ya samu damar zama kusan gilashi zalla.

Na biyu: zaɓi zane. A nan ya kamata ka daɗe. Majami'a doguwa ce, kofi kuwa gajere ne mai faɗi. Hoton fuskar ginin da hasumiyoyinsa zai tsuke a gefe ɗaya na kofin, amma wanda aka zana daga gefe, ko daga tsallaken kogi, zai zagaye shi tsaf. Ni dai na fi son zanen da ke da labari. An fara ginin majami'ar Kolon a Jamus a 1248, aiki ya tsaya ɗaruruwan shekaru, ba a kammala ba sai 1880. Zane-zanen da aka yi kafin 1868 suna nuna tsohon injin ɗaga duwatsu na katako a saman hasumiyar da ba a gama ba. Haka majami'ar Notre-Dame ta Faris, wadda aka fara a 1163: zanen farkon ƙarni na 19 ba shi da siririyar hasumiyar tsakiya, don sai daga baya mai zanen gine-gine Viollet-le-Duc ya gina wadda ta faɗi a gobarar 2019.

Za ka samu irin waɗannan hotuna kyauta a shafukan intanet na gidan tarihin Rijksmuseum da na Met da ke New York. Gallica, shafin intanet na ɗakin karatun ƙasar Faransa, ma tana da su jingim, amma idan sayarwa za ka yi, akwai kuɗin izini.

Na uku: gyara a kwamfuta. Kofin da aka saba da shi yana ɗaukar bugu mai faɗin santimita 20 da tsayi 9, saboda haka nemi hoton da faɗinsa ya kai fiksel 2,400. Mayar da shi baƙi da fari, ka goge tabon tsufa, ka haskaka takardar har ta zama fara tas. Tawadar wannan aiki ba ta da fari, farin kofin shi ne farinka. Kada ka cika ƙara duhu. Buga gwaji a takarda a ainihin girmansa, ka duba wuraren inuwa: in layukan sun haɗe, yanko ɓangare guda, kamar tagar fure, ka faɗaɗa shi maimakon ginin gaba ɗaya. Sannan ka juya hoton kamar a madubi.

Na huɗu: bugu. Sai da kofi mai shafe na musamman na sabilimeshan (hanyar bugu da zafi ke shigar da tawada cikin jikin kofi), da takarda da tawadarsa. Kofin tangaran na kasuwa ba ya kama tawadar. Buga zanen a kan takardar, goge kofin, naɗa takardar fuskarta na kallon kofin, ka bar tazarar kusan santimita ɗaya daga mariƙi, ka ɗaure da salatif mai jure zafi. Daidaita ta sosai, domin karkatacciyar hasumiya ba ta ɓuya. Sa kofin a injin da ke matse shi da zafi. Yawancin waɗannan injina suna aiki ne tsakanin digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Celsius na kimanin minti uku, amma bi abin da aka rubuta wa naka.

Sa safar hannu ka fito da shi, ka cire takardar a ja ɗaya. In ta zame tana da zafi, kowane layi zai fito biyu. Baƙin da ya koma ruwan ƙasa yana nufin wuta ta yi yawa, wanda ya fito disashe kuwa lokaci ne bai isa ba ko matsi ya yi kaɗan. Ka sayi kofi ɗaya na gwaji kafin ka taɓa na kyautar.