Kafin ka sayi igiyar azurfa: kurakuran masu hedifon mai tsada a Akra

Ana saura 'yan makonni azumin bara, wani ƙanena da muke unguwa ɗaya a Nima ya shigo ɗan ɗakin da nake ɗaukar murya, riƙe da leda, fuskarsa a sake. Yayansa da ke Jamus ne ya aiko masa da hedifon Sennheiser HD 600 na hannu. Shi kuma ya tattara abin da ya samu a haɗa bidiyon biki, ya gangara Sakul, inda ake sayar da kayan waya da na lantarki, ya sayo masa sabuwar igiya fara ƙal, saƙaƙƙiya kamar kitso, kanta da ruwan zinariya.

"Yaya, saka ka ji," in ji shi. "Mai shagon ya ce azurfa ce, da ita sautin yake buɗewa."

Na saka na saurara. Sannan na juya hedifon ɗin na dubi soson kunnensa: ya kwanta ya lafe kamar tsohuwar katifa, har yatsa na taɓa cikin kwanon ba tare da an danna ba. Ga shi kuma a jikin wayar salula ya jona shi kai tsaye. Da ya faɗa mini kuɗin igiyar sai raina ya sosu, don kuɗin zai sayi sabon soso da ƙaramar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, har a ba shi canji. An bar jaki ana dukan taiki.

Na daɗe ina ɗaukar karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙin yabo, hedifon shi ne abin neman abincina. Kuma a Nima da Mamobi da Madina na ga matasa da dama suna wannan kuskuren, da gumin da suka sha wuya kafin su tara.

Abin da igiya take yi, da wanda ba ta yi

Aikin igiya ɗaya ne: ta ɗauki lantarki daga na'ura ta kai shi kwanon kunne. Abin da zai iya rage shi a hanya shi ne turjiyarta, wadda ake aunawa da om. Igiyar hedifon ta yau da kullum, mai tsawon mita ɗaya zuwa uku, turjiyarta ba ta cika wuce om ɗaya ko biyu ba. Shi kuwa HD 600, wanda ya fito tun 1997 kuma har yau ana ƙera shi, turjiyarsa om 300 ce. Ɗora om ɗaya a kan 300, abin da ya ragu a ƙarfin sauti kusan desibel 0.03 ne. Yawancin mutane sai canji ya kusa desibel ɗaya cur suke lura da shi a sauraren yau da kullum.

Sai batun azurfa. Gaskiya ne ta fi jan ƙarfe saurin wuce da lantarki, amma da kusan kashi 6 cikin 100 kawai. Wato igiyar da take om ɗaya, in an yi ta da azurfa, za ta sauko wajen 0.94. Ka rage ɗan guntu daga abin da tun farko kunne bai ji ba. Da an ƙara wa jan ƙarfen kauri kaɗan, an sami wannan ribar a kuɗi kaɗan. Zinariyar da ke kan filogi ma ba don daɗin sauti aka sa ta ba, ita kanta ba ta kai jan ƙarfe wuce da lantarki ba. Amfaninta hana tsatsa, kuma wannan amfani ne na gaske a gari irin namu da iskar teku ke ɗauke da gishiri.

To amma ƙanen nan nawa ba ƙarya yake ba da ya ce ya ji bambanci, kuma ba na so a riƙa yi wa irinsa dariya. Akwai dalilai.

Wani lokaci tsohuwar igiyar ce ba ta da lafiya. Kan filogin ya dusashe ko ya yi kore, ko silin ciki ya fara tsinkewa a wuya, sai kunne ɗaya ya riƙa rauni, ko ka ji ƙaras-ƙaras in ka motsa. Kowace sabuwar igiya ka saka a nan za ta gyara, ko ta azurfa ce ko ta sidi kaɗan. Kafin ka sayi komai, sami auduga da ɗan sifirit ka goge kan filogin da ƙananan ƙafafun da ke shiga kwanon kunne, ka bari su bushe, ka sake gwadawa.

Wani lokacin kuma ƙarfin sauti ne ya canza. Kunnen ɗan Adam yana ɗaukar abin da ya ɗan fi ƙarfi a matsayin wanda ya fi daɗi: gangar ta fi cika, muryar ta fi fitowa. Wannan ya fi faruwa ga masu komawa igiyar da ake kira balans, mai filogin milimita 4.4 ko 2.5, ko XLR mai ƙafa huɗu. A na'urori da yawa kafar balans tana fitar da ninki biyu na ƙarfin lantarki, wato ƙarin desibel 6. Wannan aikin amfilifaya ne, igiyar hanya kawai ta buɗe. A nan kuma akwai wani kuskure mai tsada: kada ka ɗauki igiya ta gama-gari mai filogin 3.5 ka sa mata adafta ka cusa a kafar balans. Za ka haɗe layukan da bai kamata su haɗu ba, kana iya ƙona na'urar.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi wuyar amincewa. Ana cewa gani ya kori ji, kuma a harkar sauti haka abin yake a zahiri. Ka ga igiyar tana sheƙi, ka san nawa ka biya, kunnenka ya riga ya shirya jin abin da zuciyarka ke so. Ga shi kunne ba ya riƙe ainihin yanayin sauti fiye da 'yan daƙiƙoƙi, kafin ka cire wannan igiya ka saka waccan, tuni ya manta. Wannan yana samun kowa, har injiniyoyin da suka tsufa a aikin.

Maganinsa gwaji ne da ba ya cin ko sisi. Zauna ka ba ƙofa baya, ko ka rufe ido da rawani. Wani ya jefa kwabo, ya saka igiyar da ta fito ba tare da ya gaya maka ba, kada a taɓa maɓallin ƙara, a kunna wuri ɗaya na karatu ɗaya. Ka faɗi wace ce, ya rubuta. Ku yi sau goma. In ka ci tara ko goma, akwai bambanci na gaske, sai a bincika daga ina. In biyar ko shida ka ci, canki-canka ne. Mun yi haka da ƙanena a ranar, wani almajirin da ke taya ni aiki ne ya riƙa canzawa. Da aka karanto masa sakamakon sai ya cire hedifon ɗin ya ɗora a cinya, ya ce, "Yaya, wallahi da na rantse zan gane ta."

Kada kuma a ce na ce igiya ba ta taɓa canza sauti. Akwai ƙananan iyafis masu shiga cikin kunne, irin waɗanda mawaƙa ke sawa a dandamali, masu turjiyar om 10 zuwa 16 da ƙananan sifiku da yawa a ciki. Turjiyarsu tana hawa da sauka gwargwadon kaurin sauti ko sirantarsa, don haka siririyar igiya mai om biyu tana iya ɗan karkata yanayin sautin. A nan ma kauri da gajarta ake nema, ba tsadar ƙarfe ba.

Inda matsalar ta fi zama

Babban kuskuren da ya wuce na igiya shi ne jona hedifon mai nauyin turjiya a na'urar da ba za ta iya tura shi ba. Yawancin wayoyi, da 'yan adaftocin USB-C da suka zama dole tun da kamfanoni suka fara cire kafar hedifon a wajen 2016, ba sa ba da abin da ya wuce bolt ɗaya na lantarki, wasu ma rabinsa. Ka kai maɓalli ƙarshe, sautin na nan a shaƙe. Dubi Beyerdynamic DT 770 Pro: ana yin sa a om 32 da 80 da 250. Mutum ya ga 250 ta fi yawa ya ɗauka ita ce babba, alhali waya kawai yake da ita. Mai waya 32 ce tasa. In kuwa ka riga ka mallaki mai 250 ko 300, ƙaramar amfilifayar hedifon ita ce abin saye na gaba.

Akwai kuma akasin haka. Wasu tsofaffin miksa da amfilifaya, irin waɗanda ake samu a masallatai da wajen masu kiɗan biki, kafar hedifon ɗinsu tana da turjiya mai yawa, daga gomomi har sama da om ɗari. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce turjiyar kafar kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta hedifon: mai om 32 yana son kafar da ba ta haura 4 ba. In ta haura, a hedifon da yawa ganga takan kumbura ta rufe murya. Ka ga wannan ya ninka tasirin igiya sau goma ko ɗari, amma ba wanda ke tallarsa a shago.

Sai soson kunne, wanda ni a wurina shi aka fi zalunta. Shi ke tsayar da tazarar da ke tsakanin sifika da kunnenka, shi ke riƙe iska. A zafi da gumin Akra, na fatar roba yakan fara ɓarewa, ka tashi da baƙin ɓurɓushi a wuyan riga, na karan-miski kuma ya shanye zufa ya kwanta. Da ya kwanta, sautin ya canza, kuma wannan canji ne da na'ura ke aunawa da desibel cikakku. Sauya shi in ya lafe, kuma ka nemi na asali ko mai irin kaurinsa da yadinsa, don soso na daban hedifon na daban ne. A rufaffen hedifon, ko ƙafar tabarau ko gefen hula ko kullin ɗankwali ya shiga ƙarƙashin soson, iska ta sami ƙofa, kaurin sautin ya zube. Sau da yawa alaramma zai ce mini muryarsa ta yi siriri a kunnensa, in ce, "Allah ya gafarta Malam, a ɗan ɗaga hular sama," shi ke nan ta dawo.

Abin da kake saurare ma a duba shi. Karatun da aka naɗa da waya a bayan sahu, aka tura ta WhatsApp, wani ya ɗora a YouTube, wani ya sauke ya matse, hedifon mai kyau ba zai gyara shi ba, aibinsa zai ƙara fito maka da shi. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 da ke yawo a wayoyinmu sau da yawa 128 ne ko ƙasa. Ba sai ka nace wa manyan fayiloli ba, 256 ko 320 da aka matse daga asali mai kyau ya ishi yawancin kunnuwa. In za ka tura wa wani aikinka, tura shi a matsayin fayil, kada ka kunna ka sake naɗa shi a saƙon murya.

HD 600 da 'yan'uwansa buɗaɗɗun baya ne, an yi su don ɗaki mai shiru. A cikin torotoro daga Nima zuwa Madina, hon da kiran kwandasta duk za su shigo, na kusa da kai kuma yana jin abin da kake ji. Don hanya, rufaffe ko mai shiga kunne. Hatsarin shi ne hayaniya tana sa ka ƙara maɓalli. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babba iyakar desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. In ka cire hedifon ka ji kunnenka na ƙugi, ka wuce gona da iri, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Jabu kuwa suna nan, kwalinsu har ya fi na asali ƙyalli, a cikin shagunan da kuma ake samun kaya na ƙwarai. Je da karatun da ka haddace sautinsa a wayarka, ka saurara a gaban mai shago, ka karɓi rasit. Farashin da ya yi daɗi fiye da kima, ka ja baya. In ka sayi amfilifaya mai shiga wutar gida, sa mata sitabilaiza, kuma in dumso ya faɗo, wato an ɗauke wuta, ka zare ta ka zare hedifon kafin wuta ta dawo.

Ranar da igiya ta cancanci kuɗinka

Ranar da ta tsinke, ko ta yi maka tsawo ko gajarta, ko tana kai ƙarar gogar riga cikin kunnenka, ko kana bukatar wani irin filogi. Duba kanta ya dace da naka, don na Sennheiser daban, MMCX daban, mai ƙafa biyu na milimita 0.78 daban. Lanƙwasa wuyanta ka ga ko akwai roba mai tallafe shi, don nan ne igiya ke mutuwa. Kada ka riƙa naɗe ta tamau a jikin hedifon, yi mata sakakken zagaye, ka jefa 'yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi a jakarta.

Tsohuwar igiyar ƙanena ma ba ta mutu ba, wuyan filogin ne ya fara saki. Muka kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin titi, na ce, "Baba, a taimaka a canza mana kan nan." Ya yanke, ya fere, ya ɗiga dalma a wuri uku, ya ɗora mita a kowane layi, bai kai minti ashirin ba. Sabon soson ya iso bayan sallah ta hannun wani mai dawowa daga Jamus, amfilifayar kuma muka samo ta hannu. Ta azurfar tana cikin jakarsa, ita yake ɗauka in zai fita aikin biki saboda ta fi gajarta.