Yadda zaka kintaci wurin kaya a a-kori-kura mai batir tun kafin ta fito kasuwa

Duk sanda wani kamfani ya ɗaga kyalle ya nuna sabuwar a-kori-kura mai amfani da lantarki, sai kaga gardama ta ɓarke, wannan yace ai gabanta zai ci akwati uku, wancan yace ƙarya ne ko jakar makaranta bazata shiga ba, alhali duk cikinsu babu wanda ya taɓa ganin motar ido da ido balle ya buɗe bonet ɗinta. Ni kaina ina cikin masu wannan gardamar, bana musu. Amma akwai bambanci tsakanin shaci-faɗi da hasashen da aka ɗora akan lissafi, kuma motocin da suka riga suka fito a Amurka daga 2021 zuwa yanzu sun bamu isassun misalai da zamu auna sabuwa dasu.

Ka fara da tambayar me aka cire. A motar fetur akwai inji a gaba da lagireto, giyabos a bayansa, farfela ta bi ta ƙarƙashi har zuwa tayoyin baya, ga tankin mai ga salansa. Mai batir bata da yawancin waɗannan, injinan lantarkinta ƙanana ne suna zaune kusa da tayoyi, shi kuma batirin an shimfiɗa shi a ƙasa kamar katifa tsakanin tayoyin gaba da na baya. Toh duk inda aka cire wani abu rami ya samu, aikinka shine ka gano ramukan nan a hoto sannan ka tambayi kanka ko kamfanin ya bar maka su ko ya cusa nasa tarkacen, domin na'urar sanyaya batir da ta caji da kwamfresan esi duk sai an nemo musu wurin zama.

Rami na farko shine but ɗin gaba, wato inda inji yake a da. Anan dogon hanci shine alama. Ford F-150 Lightning ta riƙe siffar F-150 mai fetur, hanci dogo mai faɗi, shi yasa ta samu lita 400 a gaba, wurin yana ɗaukar nauyin kilo 180 da ɗoriya, harda soket huɗu na wuta da ramin tsiyayar da ruwa a ƙasa saboda masu zuba ƙanƙara. Rivian R1T tana da wajen lita 310, Chevrolet Silverado EV wajen lita 300. Ita kuwa Cybertruck ta Tesla da gilashin gabanta ya zubo har kusan kan hanci, abinda ta samu bai wuce wajen lita 200 ba. Kaga kenan tun daga hoton gefe zaka iya cewa wannan gabanta babba ne ko ƙarami, ka duba nisan dake tsakanin gindin gilashin gaba da ƙarshen hanci kawai.

Amma kar ka tsaya a girma, ka nemi layin da bonet ɗin ya yanke. A Lightning idan marfin ya tashi harda fuskar motar yake ɗagawa, sai bakin ya sauko ƙasa ka tura kaya ba tare da ka ɗaga su sama sosai ba. A R1T marfin sama ne kawai yake buɗewa, kamar rijiya, sai ka cicciɓi kaya ka tsallake dasu hancin mota kafin ka sauke. Duk wanda ya taɓa ɗaga kula cike da ruwa da ƙanƙara ya san wannan ba ƙaramin bambanci bane, kuma layin yankan nan yana fitowa a hoto ko da an lulluɓe motar da fentin ɓad-da-kama irin na gwaji.

Wani abu kuma, in kaji ance motar zata zo da ƙaramin injin fetur mai caja batir a hanya, toh ka rage buri akan ɗaya daga cikin ramukan, injin da tankinsa dole su zauna wani wuri, in a gaba aka sa shi but ɗin gaba ya tafi kenan.

Yanzu bodin baya, wanda shine asalin dalilin sayen a-kori-kura. Ga dabarar da nafi so, ruler kawai take buƙata. Ka samu hoton da aka ɗauka daga gefe sak, ba wanda aka karkata ba, ka nemi lambar taya idan kamfanin ya faɗa ko tana fitowa a jikin tayar. Misali 275/65R20. Faɗin tayar milimita 275 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 na wannan wato wajen 179, ka ninka biyu saboda sama da ƙasa ya zama 358, ka haɗa da rim na inci 20 wanda shine milimita 508, jimla 866, wajen inci 34 kenan. Shikenan ka samu ma'auni a cikin hoton. Idan tayar ta auna santimita 4 a fuskar kwamfutarka bodin kuma ya auna 7, sai kace 7 raba 4 sau 34, ya baka inci 59 da rabi, wajen ƙafa 5. Ka ɗan rage wani abu saboda kaurin gambun baya da bangon gaba tunda daga waje kake aunawa. Baya bada daidai cif amma yana raba gardama tsakanin ƙafa 4 da rabi irin na R1T, da 5 da rabi irin na Lightning, da 6 irin na Cybertruck.

Faɗi yafi tsayi wahalar gani. Abinda Amurkawa suke aunawa dashi shine falankin katako mai ƙafa 4 da ƙafa 8, shin zai kwanta shimfiɗe tsakanin tudun tayoyin baya ko sai ya hau kansu. Idan kamfani ya nuna hoton motar da falanki a kwance toh ya tabbata akwai inci 48 a tsakani, idan kuwa duk hotunan tallan keke ne da tanti da kare, ni dai sai in fara zargi.

Daga nan ka duba tsakanin ɗakin fasinja da bodi, akwai tsaga ko babu. Wannan ƙaramin layin yana faɗin abu da yawa. In akwai tsaga daga sama har ƙasa, ɗakin daban bodin daban an ɗora su akan shasi ɗaya, irin ginin gargajiya, kamar Lightning. Amfaninsa shine marufai da akwatunan kayan aiki da aka riga aka ƙera wa tsohuwar motar zasu iya hawa sabuwar, amma kar ka sa ran wata ƙofa tsakanin ɗaki da bodi. In kuwa jikin a haɗe yake babu tsaga, toh anan ne ake wasanni. Silverado EV bodinta ƙafa 5 da inci 11 ne, amma bangon dake bayan kujerun baya yana kwantawa, sai tsayin ya kai ƙafa 9, in ka sauke gambun baya ka ɗaga matokarinsa ya kai ƙafa 10 da inci 10. Ba sabuwar dabara bace ma, Chevrolet Avalanche tazo da ita tun farkon shekarun 2000, dawo da ita akayi. Rivian kuma sai suka yi wani abun daban da wurin, suka huda rami daga gefe zuwa gefe a bayan kujerun baya gaban tayoyi, suna ce masa Gear Tunnel, wajen lita 330, ƙofofinsa idan an buɗe ana zama akai ko a taka a hau. Alamar irin wannan a hoto itace ƙaramar ƙofa a ƙasa tsakanin ƙofar baya da taya, da kuma bodi gajere, domin tsayin da ramin ya ci daga bodin aka yanko shi, ba kyauta aka samu ba.

Tambayar da kusan kowa yake mantawa, ina safaya? Tayar inci 34 ba abar ɓoyewa a aljihu bace. Lightning ta rataye tata a ƙarƙashin bodi kamar yadda aka saba. R1T ta yi mata ɗaki a cikin ƙasan bodi, wanda yayi kyau har ranar da taya ta fashe kana ɗauke da lodi, sai ka sauke komai a bakin titi kafin ka kai gareta. Cybertruck bata zo da wurin safaya ba, in ka saya daban a cikin bodi zata kwanta ta cinye maka wuri. Saboda haka in kaga ana tallan wani babban ɓoyayyen akwati a ƙasan bodi, ka tambaya shi da safayar ne suke rabon wurin ko kowa da nasa.

Toh duk wannan maganar fili ce, kuma a ganina fili shine ɓangare mai sauƙi. Inda hasashen mutane yake rushewa shine nauyi. Kowace mota tana da iyakar nauyin da aka yarda ta kai gaba ɗaya, ita da mutanen ciki da kayansu, in ka cire nauyin motar kanta abinda ya rage shine naka. Batir kuwa nauyi ne dashi na fitar hankali. GMC Hummer EV ta haura kilo 4,000 ita kaɗai, batirinta kawai ya kai wajen kilo 1,300, abinda ya rage na ɗauka wajen kilo 590 ne. Ka zuba manya biyar a ciki kowa kilo 80, 400 ta tafi, saura 190, ga bodi ga but ɗin gaba duk a buɗe suna kallonka amma baka da izinin cika su. In kuma zaka ja tirela, wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta yana sauka akan ƙugiyar motar, shima daga wannan kason ake cirewa, tirela mai kilo 3,000 ta cinye 300 ko fiye tun baka ɗora ko tsinke ba. Don haka duk sanda kamfani yayi alƙawarin tafiya mai nisa sosai da caji ɗaya, kuma a lokaci guda yayi alƙawarin ɗaukar lodi mai yawa, ka sani lambobin biyu yawanci ba na mota ɗaya bane, mai babban batir ce take nisan, mai ƙaramin batir ce take ɗaukar nauyin, a talla ne kawai ake jera su layi ɗaya.

Sai maganar rage wa alƙawari gishiri. Nawa zaka rage? Cybertruck ce misalin da yafi fitowa fili tunda an ga farko an ga ƙarshe. Da aka nuna ta a Nuwamba 2019 ance bodi ƙafa 6 da rabi, ɗaukar kaya wajen kilo 1,590, kujeru shida, ga gambun baya mai zaro matakala har aka hau da babur mai taya huɗu a gaban jama'a. Da aka fara miƙa wa masu saye a ƙarshen Nuwamba 2023, bodin ya zama ƙafa 6, kayan wajen kilo 1,130, kujeru biyar, matakalar kuma babu ita. Rivian ma sun nuna kicin mai zarowa daga cikin ramin nan nasu harda murhu da wurin wanke-wanke, mutane suka yi ta zumuɗi, daga baya aka cire shi daga jerin abinda ake oda, marfin bodinsu mai rufe kansa da lantarki shima sai da aka dakatar dashi na wani lokaci a 2022 aka sake masa fasali. Abinda na lura dashi shine ramin da yake cikin ginin jikin mota yakan tsira har kasuwa, domin canza shi sai an canza motar gaba ɗaya, amma duk wani abu mai zamewa ko naɗewa ko mai ɗan inji a jiki, shine farkon wanda ake yankewa idan lissafin kuɗi ya ƙi. Zanen da kamfani ya kai ofishin rajistar ƙirƙira kuwa kar ma ka ɗora komai akansa, suna rajistar dabaru barkatai da basu taɓa zama ƙarfe ba.

Ka kula da yadda ake haɗa lissafin lita ma. Wani kamfanin zai tara bodi da but ɗin gaba da ƙarƙashin kujera da aljihun ƙofa ya baka lamba ɗaya ƙatuwa, alhali firij baya rabuwa gida biyar. In a cubic feet suka bada lambar, wato ma'aunin da Amurkawa suke amfani dashi, ka ninka da 28.3 ka samu lita, sannan ka nemi a rarrabe maka kowane wuri da nasa. Siffar bangon bodi itama abar dubawa ce, bango mai gangarowa daga rufi irin na Cybertruck yana hana ka miƙa hannu ta gefe ka ɗauko abu kusa da ɗaki, kuma idan marfin ya rufe gilashin baya ya toshe sai dai kyamara.

In ka gama sai ka rubuta hasashenka gida uku a takarda ɗaya: abinda hoto ya nuna ka auna da kanka, abinda kamfani ya faɗa da baki, da abinda kai ne kawai kake fata. Ka sa kwanan wata ka ajiye. Ranar da motar ta fito, abu na farko da zaka nema shine hoton ƴar takardar nan da ake mannawa a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ita ce take faɗin ainihin kilo nawa wannan motar da kanta zata ɗauka da mutane da kaya, sai ka ɗauko takardarka ka gwada.