Yadda ake sassaƙa lino a buga zanen kaka irin na Keltawa

To 'yan uwa masu son aikin hannu, tunda kaka ta yi, dammunan gero sun fara shiga rumbu, ga wani aiki da ya dace da lokacin. Sassaƙen lino ake ce mishi, ka zana abu bisa faranti mai taushi, ka ƙwaƙule duk inda kake so ya fito fari, ka shafa tawada a abin da ya rage sannan ka ɗora takarda ka murza.

Zanen da za mu ɗauko na Keltawa ne, mutanen Ailan da Sikotlan da Wels. Na Ailan da Sikotlan suna da bikin ƙarshen girbi, Samhain, daga daren 31 ga Oktoba zuwa 1 ga Nuwamba, a da can lokacin ne suke sauko da shanu daga makiyayar tuddai, a yanka wasu a aje nama don sanyi, a hura ƙatuwar wuta bisa tsauni, a ƙwaƙule wata saiwa tasu mai ƙaton kai a sa fitila ciki, wadda daga baya a Amurka aka maida ta kabewa. A Sikotlan da Ailan kuma a da damin ƙarshe da aka yanka a gona suna kiran shi Cailleach wato tsohuwa, a kitse shi a rataye cikin ɗaki. Mu dai zane muke aro ba aƙida ba, kuma wanda ba ya son zana mai rai ba sai ya matsa ma kanshi ba, dami da wuta da ganye da tuffa sun ishe shi.

Shi lino na ainihi wani Bature ɗan Ingila Frederick Walton ya ƙirƙiro shi a shekarun 1860 don shimfiɗa a ƙasa, da man wani iri da garin ɓawon icce da buhu a bayanshi, garin Kirkcaldy na Sikotlan ma da shi ya yi suna. Masu zane ne daga baya suka gano ya fi katako daɗin yanka, har shahararren mai zane Picasso ya duƙufa kanshi a ƙarshen shekarun 1950. Amma fa kar ku je babbar kasuwa ku sayo ledar ɗaki ku ce kun samu, waccan roba ce siririya, wuƙa na taɓa ta ta huda. In ba a samu na gaske ba ku nemi robar masu yin hatimi, ko robar sol mai sulɓi wajen masu gyaran takalma. Wuƙaƙe biyu sun isa, mai baki tsini don layi da mai baki kwarmi don kwashe fili. Ƙarfen tsohuwar lema dama kwarmi gare shi, maƙeri zai yanke maka ko miki shi ya wasa ya sa ƙota.

Ka fara zana a takarda da fensir mai duhu, ka kifa ta bisa robar ka goge bayan da cokali, zanen zai hau a juye kuma haka ake so, don in ka rubuta suna kai tsaye bisa roba to a birkice zai fito. Dami a tsakiya, harsunan wuta a bayanshi, sai ƙulli ya zagaye gefe.

Ƙullin nan shi ne inda aikin yake wallahi. Duk wanda ya san dagi na jikin babbar riga ya san tsarin, zare guda ne yana bi ta sama ya bi ta ƙasa, sama, ƙasa, ba ya taɓa hawa sama sau biyu a jere. Kafin ka taɓa wuƙa ka bi zaren da yatsa tun daga farko har ka dawo, duk mahaɗa ka yi ma wanda ke sama alama. Wajen yanka, zaren ka bar shi baƙi, ka cire 'yar siririyar gaɓa a gefe biyu na wanda ya hau sama, wannan ɗan farin shi ke sa ido ya ga ɗaya ya shige ƙarƙashin ɗaya. Mahaɗa guda ta kuskure duk ƙullin ya zama tarkace kuma abin da aka yanke ba ya komawa, shi ya sa ni na fi son ƙulli mai kauri mai mahaɗa kaɗan, masu cika shi da ƙananan lauje-lauje a aikin farko wahala kawai suke saye.

Hannun da ke riƙe da roba ya zauna bayan wuƙa kullum, ka tura gaba, in za ka yi kwana robar za ka juya ba wuƙar ba. Da sanyin safiya lino na tauri, ka ɗan shanya shi a rana ya saki. Kuma kar ka share filin bayan wutar tas, 'yan layukan da wuƙa ta bari suna kama tawada su fito kamar tartsatsi, kyaun abin kenan.

Tawada kuwa ta masu buga takardu mai mai ita ta fi, ta ruwa in hunturu ya shigo kafin ka gama shafawa ta bushe. Ɗiga kaɗan bisa gilashi, ka murza da rola har ta yi laushi tana ɗan ƙara tsi-tsi, in tana caɓal-caɓal ta yi yawa za ta cike layukan. Shafa a roba, ɗora takarda, danne da hannu ɗaya, murza da bayan cokali kana zagayawa, ka ɗaga kusurwa ka leƙa kafin ka cire duka. Na farko yakan fito dishi-dishi, ba komai, roba ce ba ta sha ba tukuna. Mai son wuta ja sai ya sassaƙa faranti na biyu na wutar kaɗai, ya fara buga jan, ya bushe, baƙi ya hau kai.

A shanya takardun cikin ɗaki a rufe taga saboda ƙura, tawada mai mai tana cin kwanaki. Rola da gilashi man gyaɗa ke wanke su, sai a bi da sabulu. In zanukan sun bushe ka rubuta lamba da fensir a ƙasan kowane, in goma ka buga 1/10, 2/10 har ƙarshe, sai sunanka a hannun dama.