Kare gonar malberi daga kwari: a bi yanayi, ba ranar kalanda ba

A jihar Karnataka ta kudancin Indiya, inda aka fi noman malberi domin ciyar da tsutsar siliki, kowane ƙwaro da lokacinsa. Abin da ke ɗaure wa manomi hannu shi ne, duk maganin da ya fesa wa ganye, cikin tsutsarsa zai ƙare. Don haka rigakafi ya fi feshi.

Daga Maris zuwa Yuni, zafi da bushewa ke kawo farin ƙwaron nan mai kama da auduga. Yana maƙalewa a kan toho yana tsotsar ruwansa, sai ganye ya murɗe, ya yi kauri, ya koma kore shar, kan reshen ya dunƙule. Manoman can suna kiran wannan tukra. Duk mako ka zaga gona ka buɗe toho da yatsa. In ka ga tururuwa na hawa da sauka a kan kara, duba da kyau, domin zaƙin da ƙwaron ke fitarwa take bi, kuma tana korar maƙiyansa. Yanke tohon da ya kamu ka ƙone shi nesa da gona. In ka yar a ƙasa, ƙwaron zai sake hawa. Sannan a saki ƙwaron Cryptolaemus mai cinye shi, kimanin 250 a eka ɗaya. Rage yuriya a wannan lokaci, don toho mai laushi ne ke jawo masu tsotsa. Ban ruwa ta sama yana wanke ƙananan kwarin da ke kankare bayan ganye.

Da ruwa ya sauka, farin ƙwaro zai ja baya, amma tsutsa mai naɗe ganye za ta fito, ta fi tsanani wajen Satumba zuwa Nuwamba saboda laima. Tana ɗinke ganyen saman reshe da zare ta ɓuya ciki. Tsinke naɗin da hannu, ka kafa tarkon fitila da dare domin kama uwayen, wato kwari masu fiffike da ke sa ƙwan tsutsar. Gizaka kuwa tana taruwa a ganye ɗaya tun tana ƙarama. Nan ne ake cire ta kafin ta watsu.

Kada ka kuskura ka fesa maganin Bt, wanda ake yi da wata ƙwayar cuta mai kashe tsutsa: yadda yake kashe tsutsar gona, haka yake kashe ta siliki. In feshi ya zama dole, yi shi jim kaɗan bayan an datse rassan malberin, ka cika kwanakin jiran da aka rubuta a jikin kwalba, sannan ka gwada ganyen a kan tsutsa kaɗan kafin ka ba sauran.