Yadda zaki kashe rikici da maigida tun bai kai ga yaji ba

Dan Allah mata 'yan uwana mu daina yarda da zancen wai gidan wance ba'a taba fada, wallahi ana yi, harshe da hakori ma suna sabawa balle mutum biyu da kowa ya taso da tarbiyyar gidansu. Abinda yake rike aure shekara da shekaru shine yadda ake yi in an saba, kuma wannan koyonsa ake.

Ki fara da sanin lokacin magana. Mutum ya dawo daga Kantin Kwari ko Sabon Gari ya sha rana ya sha cunkoso, ko takalmi bai cire ba kin tare shi a bakin kofa da kudin cefane bai isa ba gas ya kare ga kudin makarantar yara, to ko gaskiyarki ce bazai ji ba. Bari ya sha ruwa ya watsa, yaci abinci yayi isha'i, yara sunyi bacci, sannan kice Abban wane akwai maganar da nake so muyi. Kuma abu daya zaki dauko, banda tono laifin bara da na bara waccan.

In ranki ya baci sosai kiyi shiru tukuna. Annabi (SAW) ya koyar damu in mutum yayi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Shiga daki, yi alwala, ba wai kin fadi bane.

Sai babbar masifar, kalmar "in ka haifu ka sakeni". Wannan kalma ta rusa gidaje da yawa, domin namiji cikin zafin zuciya sai ya yago takarda ya rubuta uku reras, gari na wayewa kowa ya huce a fara yawo gidan malamai ana neman mafita, alhali Suratul Bakara aya ta 229 ta fada karara saki sau biyu ne ake da damar kome. Daga nan ne zakiji ana maganar auren kisan wuta wanda shi kansa haramun ne. Duk zafin da kikaji kar wannan kalmar ta fito daga bakinki, kai ma maigida ka ji tsoron Allah, saki ba abin huce haushi bane.

Waya kuma a kiyaye ta. Habaici a status na WhatsApp, kanwarsa tana gani yayarsa tana gani, kafin magariba magana ta isa kunnen Hajiyarsa da kari. Haka kai kara gida kan kowane karamin abu, ke jibi kin yafe kuna dariya, amma Umma bazata manta an sa 'yarta kuka ba, kin rage masa daraja kenan a gidanku.

Yaji shima ki daure ki barshi. Ki duba farkon Suratud Dalak, hatta wadda aka saka sakin kome cewa akayi kar a fitar da ita daga dakinta kuma kar ta fita har ta gama idda, saboda ana zaune tare zuciya tafi saurin saukowa. To ina ga ke da ko sakin ba'ayi ba? Kina fita magana ta bar hannunku ta koma hannun dangi, shi yana jin nauyin zuwa biko ke kina jin kunyar komawa da kanki, sati ya zama wata.

In abu yafi karfinku akwai hanyar da Suratun Nisa'i aya ta 35 ta shimfida, a samo mai hankali daya daga danginsa daya daga naki, irin waliyyan da suka daura auren ko kawu mai rike sirri, su zauna daku. Amma in duka ne, ko ya barki da yara ba ci ba sha, wannan kam ba wurin shiru bane ko kadan, ki sanar da waliyyinki tun wuri, in bai saurare shi ba ku tafi ofishin Hisbah ko kotun shari'a ta yankinku a bi miki hakkinki.